Zuwa ga Edita: Mutumin da ya rasa mai saurarensa sai goɗiyarsa

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a taimaka a ba ni ɗan fili, maganar nan ta kwana biyu tana ci na a rai, kuma na san za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Kwanakin baya na karanta wani gajeren labari na marubucin nan ɗan Rasha, Anton Chekhov, tun 1886 ya fito, ɗan ƙarami ne sosai amma wallahi daren nan ban runtsa ba. Labarin wani dattijo ne mai suna Iona, yana haya da keken doki a birnin Petersburg cikin dare ƙanƙara na zuba, ɗansa ya rasu bai fi sati ba, kuma abin da yake nema a duniya kawai shi ne ya samu mutum ɗaya da zai ba labarin. Ba kuɗi yake so ba, ba taimako ba, kunne kawai. Fasinjan farko wani hafsan soja ne, Iona ya waiwayo ya ce masa ɗana fa ya rasu satin nan, sojan ya tambaye shi me ya kashe shi, kafin dattijo ya yi nisa da bayani mutumin ya ce ya maida hankali kan tuƙi, ya lumshe idonsa abinsa. Sai wasu samari uku suka shiga suna ta zagin sa wai ba ya sauri, har da mari a ƙeya, da ya samu ya ɗan sako maganar sai ɗayansu ya ce ai kowa ma mutuwa zai yi, maza ka kaɗa doki. Ya tsaya wajen wani mai gadin gida ya ja shi da hira, shi ma ya kore shi. Ya koma masauki ya ga wani saurayi abokin sana'arsa ya tashi shan ruwa, ya fara masa maganar, kafin ya kai aya yaron ya ja bargo ya koma barci. Shi kuma so yake ya faɗe ta daki-daki, yadda ciwon ya fara, abin da yaron ya ce kafin ya cika, yadda aka yi jana'iza, yadda ya je asibiti karɓo kayansa. Ƙarshe sai ya tafi barga ya tsaya gaban goɗiyarsa tana cin ciyawa, ita ya kwashe labarin kaf ya ba.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, in ka cire samarin nan marasa tarbiyya, babu mugu ko ɗaya a labarin. Sojan sauri yake, mai gadi aikinsa yake, saurayin nan kuma gajiya ce ta yi masa yawa. Duk wanda ka tare a cikinsu yana da hujjar da zai ba ka kuma ka ce gaskiyarsa. Amma da ka haɗa hujjojin nan wuri guda sai ka ga an bar tsoho yana hira da dabba a cikin gari mai dubban mutane.

Kuma dalilin da ya sa ban yi barci ba, na ga kaina a ciki. A wurin aikinmu akwai wani dattijo mai gadi da 'yarsa ta rasu, an yi masa gaisuwa kamar yadda aka saba, ni ma na yi. Bayan nan kusan kullum in na zo wucewa ƙofa da safe sai ya ce, ɗana ka san yarinyar nan fa, ni kuma ido na kan waya, ƙafa ba ta tsaya ba, in ce Allah ya jiƙanta Baba, sai haƙuri. Ya fi sau biyar ina masa haka. Addu'ar ba laifi ba ce, amma ni na san da me na yi amfani da ita, rufe masa baki na yi da ita cikin ladabi don kar ya ɓata min minti goma. Da yawanmu haka muke, sai haƙuri ɗin nan ta zama sakata, muna faɗa muna janye ƙofa.

Shi Chekhov likita ne, ya san asibiti ciki da bai, kuma a 1892 ya rubuta wani labarin da ya fi wannan ɗaci, a kan ɗaki na 6 na wani asibitin ƙaramin gari inda ake tsare masu taɓin hankali. Ɗakin ƙazanta, wari, ga wani mai gadi Nikita da ba ya da aiki sai jibgar marasa lafiya. Babban likitan, Ragin, mutum ne mai sanyin hali mai son karatu, da ya zo ya ga ɓarnar ya ɗan taɓa gyara sai ya saki, ya koma gida yana karanta falsafa yana lallashin kansa cewa ai wahala a tunani take, mai hankali ba ya damuwa da inda yake, kowa ma ƙarshensa kabari. Wani majinyaci a ɗakin, Gromov, ya faɗa masa ido da ido cewa kana wannan maganar ne don ba a taɓa dukan ka ba, bari ƙofa ta datse maka yatsa mu ji irin ihun da za ka yi. Kwana ya juya aka yi wa likitan makirci aka kulle shi a wannan ɗakin, ya buga ƙofa a buɗe masa, Nikita ya yi masa dukan da yake yi wa sauran, a nan yana kwance da jini a baki tunani ya faɗo masa cewa ashe wannan azabar mutanen nan ke sha kullum shekara da shekaru, shi kuma fiye da shekara 20 yana wurin bai sani ba, bai kuma so ya sani ba. Washegari ya mutu. Jiki magayi, in ji masu magana, amma ina amfanin sanin da ya zo ranar ƙarshe. Kuma Chekhov ba a kujera kawai ya zauna yana rubuta irin wannan ba, a 1890 ya ratsa Saiberiya har tsibirin Sakhalin inda gwamnatin Rasha ke jibge fursunoni, ya bi su gida-gida yana rubuta halin da suke ciki, alhali shi kansa ba isasshiyar lafiya gare shi ba.

To wannan mutum ɗaya ne ya yi biris. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne in gari guda ya yi. Gabriel García Márquez na Kolombiya ya fitar da wani ɗan littafi a 1981 da ya gina kan wani kisa na gaske da aka yi a ƙasarsu a 1951. An maido da amarya gidansu daren biki don ango bai same ta budurwa ba, ta ce wani saurayi Santiago Nasar ne ya ɓata ta, yayyenta tagwaye suka ɗauki wuƙaƙen fawa suka ce sai sun kashe shi. Ba a ɓoye suka yi ba fa Malam Edita, kasuwa suka je suka wasa wuƙaƙen suna faɗa wa duk wanda ya tambaya, suka zauna a shagon da ke kallon gidansa suna jira, kamar ma roƙo suke a samu wanda zai riƙe su ya hana su. Kusan kowa a garin ya ji. Wasu suka ce maye ne ke ɗibar su. Wasu suka ce ai ba zai yiwu a ce shi bai ji ba tunda kowa ya ji. Magajin gari ya karɓe wuƙaƙen ya ce su je su kwanta, suka je suka ɗauko wasu, da aka sake faɗa masa sai ya biya kulob tukuna kan maganar wasan da za su yi da dare. Limamin coci an kai masa saƙo ya manta, hankalinsa na kan tarbar babban bishop da jirgin ruwansa zai biyo ta garin. Wani ya turo takardar gargaɗi ta ƙarƙashin ƙofa ba wanda ya duba. Mace ɗaya mai shagon madara ce ta yi ta aike tana roƙo. A ƙarshe a ƙofar gidansu aka yi masa gunduwa-gunduwa mutane sun taru a dandali suna kallo, uwarsa da hannunta ta sa sakata don ta ɗauka yana ciki. Mai ba da labarin ya dawo bayan shekara 27 yana bin mutane ɗaya-ɗaya da tambaya, kowa ya tuna inda yake tsaye a safiyar nan, kowa kuma yana da bayanin da ya sa ba shi ne ya kamata ya yi magana ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan abin, Darley da Latané a 1968 sun nuna cewa in mutum ya ɗauka shi kaɗai ya ji wani na neman ɗauki ya fi saurin tashi, in ya san akwai wasu sai nauyin ya rarrabu kowa ya jira wani. Amma gaskiya ni sakamakon bincike bai shige ni kamar yadda uwar nan da sakatarta ta shige ni ba, kuma ina ganin amfanin adabi kenan a wannan maganar, alƙaluma kai suke tsayawa, labari kuwa sai ya sauka ƙirji.

Akwai kuma ɓarnar da ko-in-kula ke yi wa mai shi. Albert Camus a littafinsa na 1956 ya kawo wani lauya a Faris, Clamence, mai suna a kare zawarawa da marayu, mai tsallakar da makafi titi. Wani dare cikin Nuwamba ya wuce wata budurwa jingine a kan gada, ya ɗan yi gaba sai ya ji faɗuwar mutum a kogi, ya ji ihu ruwa na tafiya da shi, ya tsaya cak bai waiwaya ba, daga baya ya ci gaba da tafiya, bai faɗa wa kowa ba, kwanakin da suka biyo ko jarida bai buɗe ba. Ba ɗan sandan da ya neme shi. Amma daga nan mutumin ya fara rubewa ta ciki, ya gane duk kirkin nan nasa na a gani a yaba ne, ya bar aikinsa ya ƙare a wata mashaya a Amstadam, kuma bai ƙara yarda ya hau gada da dare ba.

Wanda ya fi kowa ƙarfin murya a wannan batu a ganina shi ne Elie Wiesel, marubuci Bayahude da ya tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi na Jamus suka yi wa Yahudawa, don shi ba ƙirƙira ya yi ba, a jikinsa aka yi. An haife shi a 1928 a garin Sighet, yana shekara 15 aka kwashe su a 1944 zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi ke tsare mutane suna kashewa, uwarsa da ƙanwarsa a nan aka kashe su. Littafinsa da aka fi sani da Night, wato dare, da ya fara fitowa da harshen Yidish a 1956 sunansa ma yana nufin duniya ta yi shiru ne. Tun a farkon littafin akwai wani talaka mai hidimar wurin ibada, Moshe, da aka kora tare da baƙin Yahudawa, aka harbe su a daji shi ya tsira da rauni a ƙafa, ya dawo garin yana bin mutane yana rantsuwa kan abin da ya gani, suka yi kunnen uwar shegu da shi, wasu suka ce ya zautu wasu suka ce tausayi yake nema. Ka ga su ma waɗanda abin zai ci ba su so su ji ba. Sai wurin da aka ɗauke su a jirgin ƙasa kwana da kwanaki ba abinci, wasu ma'aikata Jamusawa suna jefa gutsuren burodi cikin tarago don su kalli yadda mayunwata ke kashe juna a kai. Ya ce bayan shekaru ya ga irin haka a tashar jirgin ruwa ta Aden, wata attajira 'yar Faris tana jefa wa yara kwabbai a ruwa suna nutso, biyu har sun shaƙe juna, ya roƙe ta ta bari, ta ce ita tana son yin sadaka ne. Wannan matar kam ina tuna ta duk lokacin da na ga an dasa wa mabuƙaci kyamara a fuska kafin a miƙa masa abu.

Amma inda ya fi ciwo a littafin shi ne inda ya tona asirin kansa. A wani sansanin kuma, Buchenwald, Janairun 1945, babansa na kwance yana fama da atini yana kiran sunansa, wani jami'i ya zo ya buga wa tsohon kulki a ka don ya yi shiru, shi yana gadon sama bai motsa ba don tsoron kar dukan ya dawo kansa. Da gari ya waye wani ne kwance a wurin. Ya ce ko hawaye bai iya yi ba. Yaro ne ɗan 16 da yunwa ta cinye, ba mai hankalin da zai zarge shi, amma shi bai yafe wa kansa ba ya rubuta, don a ga cewa zalunci in ya kai maƙura har tausayin ɗa ga uba yake ƙwacewa. To mu da ba kulki a kanmu, ba yunwa, mece ce tamu hujjar?

Ranar 12 ga Afrilu 1999 Wiesel ya yi jawabi a fadar White House gaban Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, kan haɗarin ko-in-kula, ya ce ya fi fushi da ƙiyayya haɗari, don mai ƙin ka aƙalla ya san kana nan, kuma kullum azzalumi yake yi wa amfani ba wanda aka zalunta ba. A gaban shugaban Amurka ya tuno musu da jirgin ruwan St. Louis da ya zo a 1939 da Yahudawa 'yan gudun hijira daga Jamus fiye da 900 aka hana su sauka aka maida su Turai. Shekara 5 kafin jawabin nan kuma an yi kisan kiyashin Ruwanda, mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, ana tsakiyar yanka Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage dakarunta zuwa 270.

Na san wani zai karanta nan ya taɓe baki ya ce ai Bayahude ne, ina ruwanmu. To ɗan'uwa wannan ina ruwanmu ɗin ita ce cutar da ake magana a kai, da ita aka bar su, kuma da ita ake barin kowa. Haka kuma duk wanda ya yi kuka da littafin nan sannan ya ga yaran Gaza ko na Darfur ana zaƙulo su ko suna bin hanya da ƙullin kaya ya ce ai siyasa ce mai sarƙaƙiya, shi ma bai karanta komai ba. Da zarar ka fara tambayar ɗan wace ƙabila ne ko wane addini yake kafin ka yanke ko za ka ji zafi, ka shiga sahun mutanen dandalin nan. Mu da muke karanta Suratul Ma'un ma ai mun san ba wanda ya hana miskini abinci kaɗai aka zarga ba, har wanda ba ya kwaɗaitar da a ba shi, wato shirun ma abin tambaya ne.

Yanzu kuma waya ta ƙara dagula lamarin. A da mutum zai ce ban sani ba, yau kafin ka sauko daga gado ka ga gawa goma a Facebook, ka ja sama sai bidiyon barkwanci, ka ja sai wata uwa na kuka, ka ja sai ƙwallo, duk da yatsa ɗaya kuma fuska ɗaya, a hankali zuciya ta yi kanta, ko a jikinka wai an tsikari kakkausa. Haɗari ya faru a titi sai ka ga an yi da'ira wayoyi sama, mutum na shure-shure ana neman kusurwar da hoto zai fi fita. Akwai masu tsoron kar su taimaka a maida su shaida ko ma a ɗora musu laifi, wannan tsoron gaskiya ne kuma hukumomi su ya kamata su cire wa mutane shi, amma tsoron bai hana su ɗaukar bidiyo ba ai.

Ban ce mutum ya ɗauki kukan duniya duka a kansa ba, ba mai iyawa, wanda ya gwada ma zai karye. Kuma littattafan nan ba haka suka nema ba, in ka duba abin da ya rage a yi a kowane labari ɗan kaɗan ne, a tsaya a saurari tsoho, a ƙwanƙwasa ƙofa a ce kar ka fito, a waiwaya a yi ihu a kira mutane. A labarin Tolstoy, wani marubucin Rasha, na mutuwar Ivan Ilyich, shi ma 1886, babban alƙali na mutuwa abokan aikinsa na lissafin wa zai hau kujerarsa, iyalinsa na yi masa ƙaryar zai warke, wanda kawai ya sama masa sauƙi wani yaron gida ne baƙauye, Gerasim, da ke ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗarsa ya zauna har dare ya raba don ciwon ya lafa, ba ya ƙyamar kwashe masa bahaya, ba ya kuma yi masa ƙarya.

Na koma wurin Baba mai gadi, na sa wayar a aljihu na zauna a bencinsa na ce Baba ran nan kana ba ni labarin yarinyar nan na katse ka. Ya daɗe yana kallo na kafin ya fara. Kusan minti 40 ya yi yana magana, kuma yawancinta ba ta mutuwar ba ce, yadda take masa lissafin albashi ne don ya daina bari ana cutar sa, da yadda take faɗa in ya fita ba rigar sanyi. Sai can ya zo kan ranar da ya koma asibiti aka miƙo masa takalmanta a leda. Nan ne na kasa haɗa ido da shi, don kusan abin da Iona ya so ya faɗa kenan, shi kuwa Baba bai taɓa jin sunan wani Chekhov ba.

Roƙona gare ku Malam Edita guda biyu ne. Na farko in kun kawo labarin wani bala'i, mutum kaza sun mutu kaza sun jikkata, a daure a koma bayan wata ɗaya ko biyu a nemo ko mutum ɗaya cikin waɗanda aka bari a ba shi fili ya faɗi nasa daki-daki, da bakinsa, ba a layi biyu ba. Na biyu a shafinku na adabi a riƙa fassaro irin waɗannan gajerun labarai zuwa Hausa, akwai malamai da ɗalibai da za su iya in an neme su. A fara da na Iona ɗin nan, Chekhov ya rasu tun 1904 don haka asalin rubutun ba maganar haƙƙin mallaka a kansa, kuma shafi ɗaya na jaridarku zai ɗauke shi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum